Agogona a hannun amaryar Gazara

'Ya'yana da jikokina, ni ce Dije, ku ji abin da ya same ni yau: agogona ya dawo gida da ƙafarsa!

Da hantsi aka kawo amaryar maƙwabta, 'yar garin Gazara, ta gaishe ni. Tana miƙo goro idona ya faɗa kan hannunta. Ɗan agogo mai ruwan zinariya, gilashinsa da tsaga. Ni na yi tsagar nan da taɓarya.

Marigayi Malam ya sayo mini shi a Zariya da ya sayar da rake, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Duk unguwarmu a Makarfi ba macen da ta riga ni ɗaura agogo. Ban iya duba shi ba, amma kowace amarya sai ta zo aro. Daga wani biki bai dawo ba. Na ɗaura wasu bayansa, duk sun mutu.

Na ce, "'Yar nan, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Na amare ne, Iya. Kakata ma da shi aka kai ta. Ba ya aiki, an rasa batirinsa."

Na ce, "Wane batiri? Miƙo."

Na wana shi a hankali, na kara a kunne. Wallahi sai ya ɗauka.

Yarinya ta yi tsuru-tsuru. "Iya, karɓewa za ki yi? Wata amarya na jiransa a Saulawa."

Na daɗe riƙe da shi. Sannan na ɗaura mata da hannuna.

Na ce, "Kai mata. Amma ku riƙa faɗa wa amare: na Dije ne, kuma aro ne."