Kabewar Alden a Filin Ciyawata

Alden Rafuse maƙwabcina ne, shingen katako ne kawai ya raba mu. Duk rayuwarsa motar share dusar ƙanƙara ya tuƙa, har ya ɗauki halinta: gaba kawai ya sani, kuma idan kana masa magana rabi yake ji. Lambun gidansu na matarsa Marjorie ne. Shi nasa ya ci, ya ce gishiri bai ji ba.

Da Marjorie ta rasu sai gidan ya yi tsit, Alden ya daina leƙowa waje. Hunturu na wucewa 'yarsu Carla ta zo daga birnin Halifax, ta tarar babu komai a firji sai gwangwanin wake. Ta bakin shinge na jiyo su.

"Baba, ka haɗa kayanka mu tafi. Idan ka faɗi a kicin wa zai sani?"

"Ni zan sani mana."

"Baba!"

"To ai ba ni da halin tafiya. Ina da shuka."

"Wace shuka?"

"Kabewa. Ƙatuwa, irin ta gasa. Ba a barinta ko na yini guda."

Carla ta yarda ya zauna har gasar awon kabewa ta kaka, ta ce daga nan babu sauran uzuri. Ni kuwa dariya ta kusa kashe ni, don a lokacin ko ƙwayar iri Alden ba shi da ita.

Washegari ya tafi wajen Eunice, tsohuwar da ta fi kowa iya kabewa a yankinmu. Ta ba shi ƙwaya guda, ta yi masa dogon bayani, ya ji rabi.

Rabin da ya ji kam ya yi shi da gaske. Ya kwaso kashin shanu da ciyawar teku mota-mota ya jibge a bayan gida, har warin ya riƙa shiga cikin shayina. Ya goge gefen ƙwayar da abin gyaran farcen Marjorie, ya jiƙa ta, ya naɗe a tsumma, ya ɗora kan firji inda ke da ɗumi, yana leƙawa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Ranar da ta tsiro ya ƙwala mini kira in zo in gani. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin jana'iza.

Saura rabin da bai ji ba. Eunice ta gaya masa yaɗon kabewa ba ya bin inda babban ganyen farko ya kalla, bayansa yake bi. Alden ya dasa tsiron a gindin shinge, ya juya ganyen ya kalli filin da ya sha wahalar gyarawa, wai yana nuna mata hanya. Ita kuwa ta ba filin baya, ta ratsa ƙarƙashin shinge, ta shigo gidana.

Ni ba ni da abin alfahari a duniya da ya wuce ciyawar filina. Ko karena ban yarda ya taka ta ba. Na ɗauko almakashi na tsaya a kanta.

"Alden! Zo ka kwashe dabbarka!"

"Haba Lorne, idan na lanƙwaso ta karyewa za ta yi. Eunice ta ce."

"Au, yau kuma ka ji abin da Eunice ta ce?"

"Ɗan wuri kaɗan za ta ci."

"Kaɗan? Kai ne fa ka ce ƙatuwa!"

Ya dubi almakashin, ya sassauta murya. "Idan ka yanke, ranar Asabar Carla za ta zo da akwatuna."

Tausayinsa ya kama ni. Na mayar da almakashin aljihu ina ta masifa don kada ya gane.

Kabewar nan ta cinye filina kaf. Kullum da safe Alden zai zagayo da shebur, ya haƙa ciyawata ya binne yaɗo, ya lulluɓe 'yar kabewar da zanin gadon Marjorie mai furanni don kada rana ta ƙona ta. Sai ya zauna ya sha shayina, ya ce ruwa ya yi yawa. Wata safiya bai zo ba. Na jira har shayin ya huce, sannan na je na riƙa dukan ƙofarsa kamar zan ɓalle ta. Ashe makara ya yi, ya fito yana zagina.

Da kaka ta yi, sai da muka cire wani sashe na katakon shinge kafin tarakta ta iya ɗaukar kabewar. A wajen awo ta Eunice ta kusa ninka tamu nauyi. Alden ya ce sikelin ne bai da lafiya. Carla ta ja ni gefe.

"Da gaske kullum yake shigowa gidanka?"

"Kullum, 'yata. Ko ban gayyace shi ba."

"Ranar da bai zo ba fa?"

"Ki je ki duba ƙofarsa, har yanzu tana girgiɗi."

Ta yi dariya, ta share ido. Akwatunan da ta zo da su, haka ta koma da su babu komai ciki.

Bana Eunice da kanta ta zo ta tsaya a kansa ranar dashe. Ya durƙusa a gindin shinge, ya juya ganyen ya kalli filinsa.

"Alden, ganyen! Ka sake juya shi ba daidai ba!"

"Na ji ki tun bara," in ji shi, yana danna ƙasa.

Na ce masa tsohon banza ne. Amma katakon shingen yana nan jingine inda muka ajiye shi, kuma tun kaka na zuba taki a filina.