Jibrilla, mai rufe cikin mota da kwano

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 1978, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Jibrilla, mai gyaran jikin mota a unguwar Kumbiya-Kumbiya, bayan jinyar wata biyu. Ni Hudu direba nake rubuta wannan, domin akwai maganar da na riƙe, ya aminina, har ka tafi ban faɗa maka ba.

Jibrilla, alherinka ba ɓoyayye ba ne. Ranar da motar Timoti, direba ɗan tasharmu, ta kife a hanyar Kaltungo, kai ka tafi ka jawo ta, ka miƙe ta tas, sannan ka bi shi gida da ƙwaryar fura kana yi masa barka. Amma abin da gari ya fi saninka da shi, shi ne kwanciya a ƙarƙashin mota. Ka ce kowa saman mota yake gogewa, alhali cikinta cike yake da ƙarafuna da ramuka, iska na shiga tana sarƙewa tana jan motar baya, kamar mai gudu da babbar riga. Sai ka yanko kwanon rufi ka shafe ƙarƙashin Fijo ɗina sumul, ka bar wa inji da salansa kafar shan iska, don motar ta rage shan mai.

Direbobin tasha suka samu abin yi. Fetur ya yi araha kamar ruwan rijiya, wa ke tattalinsa? Suka sa maka suna Tela, wai kana ɗinka wa mota wando. Ka yi ta murmushi, amma ni da muka tashi tare na san abin yana cinka.

Gwajinmu ɗaya ne. Da safe in hau gangaren hanyar Bauchi, in tsaya daidai wata tsamiya, in kashe inji, in cire giya, in saki birki. Kai kana can ƙasa, bayan wata kwanar hanya, kana jiran inda motar za ta tsaya. Tun kafin a sa kwanon muka ajiye dutse inda ta tsaya, shi ne ma'auninmu. Ɗinki na farko bai wuce dutsen ba. Na biyu ma bai kai ba, don kwanon ya riƙa kaɗawa. Ranar na ga idonka ya yi ja.

Da ka gama na uku, tausayi ya kai ni ga abin kunya. Na wuce tsamiyar da taku talatin sama, can na saki motar, na san kwanar ta tare maka gani. Ta wuce dutsen da nisa. Ka bi ta da gudu, hularka a hannu, ka raba goro a tasha. Na ci goron nan, kuma ban taɓa cin mai ɗaci kamarsa ba.

Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka, har ciwo ya kwantar da kai. Ziyarata ta ƙarshe, kai ka riga ni. Ka kama hannuna ka ce, "Hudu, na wahalar da kai da motarka. Ka yafe mini." Na ce babu komai, ni ma ka yafe mini, yadda kowa ke faɗa. Ka ce, "Na yafe, duniya da lahira." Ka yafe ba ka san me ka yafe ba, ni kuma na tashi na tafi da sirrina.

Washegarin sadakar bakwai na koma gangaren ni kaɗai. Na tsaya daidai tsamiya, ba ƙari ko taku ɗaya, na saki birki. Jibrilla, motar ta wuce dutsen da taku tara. Na sake hawa, ta sake wucewa. Ashe aikinka ba ya bukatar ƙaryata. Rashin yarda da kai da na zargi 'yan tasha da shi, ashe ni ma ina da rabona. Na fito na tsaya a bakin titi ina waige-waige, babu wanda zan gaya wa. Na zauna a kan dutsen na yi kuka har rana ta yi zafi. Tun ranar ba na iya zama a tasha, kewarka ta ishe ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Saudatu, da 'ya'yanka, da yayanka Alhaji Bamanga na Manawashi. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Jama'ar tasha, ku zama shaida: Jibrilla gaskiya ya faɗa, ni ne na yi ƙarya.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Jibrilla, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma Ka sa yafiyar da ya yi mini ta haɗa har da abin da na ɓoye masa. Amin.