Garba Mai Giya da gangaren rafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Garba, direban bas tsakanin Ɗambatta da Kano. A makon jiya na ga abin da ya sa na yi ta cewa ina ma yana nan.

A tasha ana kiransa Garba Mai Giya, shi da ko sigari bai taɓa sha ba. Giyar mota ake nufi. Akwai wani dogon gangare kafin gadar rafin garinmu, inda direbobi kan cire mota daga giya su sake ta a firi, wasu har su kashe inji, don su rage shan mai. Garba bai taɓa yi ba. Ya ce motar da ba ta cikin giya birki kaɗai ke riƙe da ita, kuma shi ba zai rataya ran mutum goma sha huɗu a kan birki kaɗai ba.

"Mai Giya, yau ma ba a farfaɗo ba?" in ji abokansa.

"Ina nan a buge," yakan ce, "amma idona na titi."

Gaskiya ita ce, a motocin wancan zamani abokan nasa sun fi shi rage mai. Ya sani, ya kuma haƙura.

Yanzu ɗansa Nura ne ke bin hanyar da wata mota 'yar Kwatano. Da mai ya yi tsada, sai na ji labarin shi ma ya fara sakin firi a gangaren, da fasinja cike. Na yi masa magana, ya ce, "Baffa, zamanin Baba daban ne." Ranar kasuwa na shiga motarsa, na zauna a gaba.

Bayan sitiyarin akwai ɗan allo mai nuna yawan man da inji ke sha a kowane lokaci. Nura bai taɓa kula da shi ba. Na ce mu gwada. A saman gangaren ya sa firi, allon ya nuna inji yana ɗan shan mai. Na ce ya mayar da giya, ya ɗage ƙafa daga totur. Sai lambar ta faɗi zuwa sifili.

"Baffa, sifili! Wallahi sifili!"

Daga baya wani bakanike ya bayyana mana dalili: irin waɗannan motoci, in suna gangara cikin giya ba a taka totur ba, na'urarsu kan tsayar da mai gaba ɗaya, tayoyi su riƙa juya injin. Wato abin da Garba ya riƙa asara a kansa, yau kyauta ake samunsa. Da Garba yana raye ya gani, na tabbata sai ya zagaya tasha yana jan abokansa ɗaya bayan ɗaya su zo su leƙa.

Amma murna ta sa mu duka biyu muka kafa wa allon ido. Wata dattijuwa a baya ce ta daka tsawa: "Kai ɗan nan, shanu!" Amalanken shanu ne ɗauke da taki ya fito daga gona ya hau titi. Da yake motar na cikin giya, gudunta bai yi yawa ba, Nura ya taka birki muka tsaya, saura ƙiris.

Dattijuwar ta ce, "Talabijin kuka zo kallo ko Kano za ku kai mu?"

A nan ne na san abin da Garba zai ce game da allon. Zai so shi ƙwarai, zai leƙa shi sau ɗaya ya ɗauki darasin, sannan ya mayar da idonsa titi.

Nura ya daina sakin firi. Jiya ya kira ni yana dariya, wai a tasha an fara ce masa Ɗan Mai Giya. Na tambaye shi ko ya ji haushi. Ya ce ya riga ya ba mai fenti aikin rubuta shi a bayan mota.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya kai fasinjojin ɗansa gida lafiya.