Gangaren da Ya Ci Ƙafar Kawu Ilu

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Kawu Ilu ya tsuguna a tsakar gidanmu na haya a Ogui, cikin Enugu, ya kwance birkin kekensa gaba da baya, ya watsa su cikin gwangwanin da Inna ke zuba toka. Wai sun yi tsatsa suna gugar masa taya. Ina tsaye da bokitin ruwan da na ɗebo daga famfon layinmu, na ce, "Kawu, nan fa ba Haɗeja ba ce." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya buga takalminsa na taya a ƙasa ya ce, "Ga birkina nan, ɗan akpu. Na ƙarfe na masu koyo ne." Haka yake kirana, da sunan tuwon rogon Igbo, don a Enugu aka haife ni, kuma a lokacin Igbo ya fi Hausa zama a bakina.

Kawu ƙanen Inna ne. Ambaliya ce ta cinye masa gona, ya bar mata da yara a gida, ya hau tirelar shanu ya taho kudu, ba shi da komai sai keken nan da ya sha madubai da jelar roba. Babanmu kuwa, mai sayar da awaki a kasuwar Gariki, mutum ne da ba a kawo masa wargi, kuma bai yi murna da ƙarin baki a ɗaki biyu ba. Inna ta yi ta roƙo har ya sauko, amma da sharaɗi. Kawu zai je kasuwar Nkwo a wani ƙauye bayan tsaunukan Ngwo, ya sayo akuya ya kawo ta lafiya. In ya iya, ya samu aiki. In bai iya ba, tirelar da ta kawo shi za ta koma arewa ranar Litinin. Ni aka haɗa shi da ni don in yi masa tafinta, na kuwa ji daɗi, don ranar na tsere wa wankin kayan ciki da sharar garke.

Hawan dai turawa muka yi. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya zaizaye ta ya bar ramuka, gefe da gefe gonakin rogo da itatuwan kashu da kwakwar manja. Kawu, wanda a garinsu yake ɗaukar buhun shinkafa a keke ya wuni yana tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai haki yake yana cewa, "Wai ƙasar nan ba ta taɓa kwanciya ne?" A hanya muka riƙa gamuwa da masu ɗiban bammi suna saukowa da jarkoki, kowa ya sauka yana riƙe da kekensa yana takawa a hankali. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ji mini mutane! Allah ya ba ka gangara kyauta, ka sauka kana turawa?" Ni ma na taya shi, don a idona babu wanda ya kai shi iya keke. A kasuwa muka sayi wata baƙar akuya gajera, ya ɗaure ta cikin kwando a kariya, ya ɗora ni a kan ƙarfen gaba.

Farkon gangaren, wallahi, ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Iska na dukan fuskata, akuya na kuka, ni ina ihu, Kawu na kaɗa ƙararrawa yana ɗan taɓa tayar baya da takalmi kamar yadda ya saba. Amma tayar ta kwashi jar laka, takalmin sai santsi yake. Ya ƙara dannawa, igiyar takalmin ta tsinke, na ga takalmin ya yi sama ya faɗa daji. Can gaba hanya ta yi kwana, bayan kwanar kuma wani ƙaton kwazazzabo ne da muka leƙa lokacin hawa. Ihuna ya koma kuka. Sai na ji keken ya fara rage gudu, wani ƙauri ya taso. Tafin ƙafarsa tsirara ya ɗora a kan tayar, ya danne, bai ɗaga ba, ba ya cewa komai sai "Riƙe, Habu, riƙe." Dab da kwanar ya murɗa kan keken cikin wata gonar rogo, ya rungume ni, muka faɗi ni ina kan ƙirjinsa.

Mai gonar, wata tsohuwa, ta taso tana zazzaga masifa a kan rogonta. Da idonta ya kai kan ƙafar Kawu sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Chineke!" Ta yagi gefen zanenta, ta shafa masa manja, ta ɗaure. Shi kuwa sai shafa kaina yake yana tambaya ko na ji ciwo. Akuyar ma ba abin da ya same ta, har ta fara cin ganyen rogon baiwar Allah. Wilin gaba ya lanƙwashe. Wani mai bammi, cikin waɗanda muka yi wa dariya, shi ya saɓa keken a kafaɗa har bakin kwalta, Kawu na biye yana dogara sanda.

Bayan la'asar muka shigo gida. Baba bai kalli akuyar ba. Ya jawo ni ya duba ni tun daga kai har ƙafa, ya sa na ba shi labari, ni kuma na zayyana komai, har kwazazzabon. Ina jin shessheƙar Inna a bayan labule. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na sa maka ɗa a hatsari. Litinin zan bi mota." Baba ya dubi tsumman da ke ƙafar Kawu. Can ya ce a kawo ruwan ɗumi da gishiri. Mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba, ya durƙusa ya kwance tsumman, ya wanke ƙafar da hannunsa. Da ya gama ya je gwangwanin toka, ya tono birkin nan ya ajiye a gaban Kawu. "Ba inda za ka," in ji shi. "Amma ka mayar da waɗannan."

Yanzu in na bi hanyar Ngwo ranar hutu, nakan ga samari da hulunan kwano a kan kekunan zamani masu giyar canza gudu, suna gangarowa don nishaɗi kawai, wani na ɗaukar su hoto da waya. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kawu Ilu ya tsufa a Gariki, 'ya'yan da ya ɗauko daga gida sun fi ni Igbo, kuma har yau da ɗingishi yake zuwa masallaci. Wani lokaci nakan rage tafiya in jera da shi. Na san a kan wa ƙafar ta tafi.