Idona da Ƙarfen Goggo Dija

Salamu alaikum. Masu tambaya ko aure na yi na ɓuya, a'a, jinya na yi. Yau dai na ce bari in buɗe baki.

Kun san sana'ata, zanen katin biki da tallan kaya a waya, daga ɗakina a Yelwa. Abin ya fara da wani ɗan walƙiya a gefen idon hagu, kamar ana haska mini madubi. Sai ciwon kai ɓari ɗaya, sai amai. Ni da shegen son sani, maimakon in tafi asibiti sai na hau bincike a wayar. Kafin la'asar na yanke wa kaina hukunci: ƙari ne a ƙwaƙwalwa.

Ran da na ga sunan wata amarya ya rabu biyu a kan kati, na yi kuka. Makanta nake tsoro, wallahi fiye da mutuwa. Mai zane ba ido, me ya rage mata?

A asibiti aka ɗebi jini, ba maleriya, ba taifot. Aka ɗiga mini magani a ido, aka sa ni karanta haruffa a bango. Daga nan sai Yola, hoton kai, wanda ya lashe ɗan abin da na tara. Ina kwance cikin na'urar ina salati, ina kuma mamakin yadda take leƙa cikin kan mutum.

Likita ta ce, "Babu ƙari. Ciwon ɓarin kai ne, idon kuma ya bushe. Ga magani, amma ki rabu da waya tukuna."

Aka kai ni Wuro Patuji wurin Goggo Dija, yayar babana, mai zanen ƙwarya. Kwanakin farko hannuna sai lalube yake ƙarƙashin filo, ba waya. Da zaman banza ya ishe ni, na koma kallon aikinta.

Ƙarfe ɗaya gare ta. Ta sa shi a garwashi, ya yi ja, ta ja layi biyu ko uku a bayan ƙwarya, ya huce, ta mayar. Sai ta zauna tana juya ƙwaryar, tana kallon shanu can bakin mayo, wato kogi.

Na kasa haƙuri. "Goggo, ki ƙara ƙarfe mana, ɗaya na wuta ɗaya na hannu."

Ta ce, "To yaushe zan duba abin da na yi? Wannan waya naki, shi ba ya hucewa ne?"

Na yi dariya. Ba ta hucewa kam.

Da ciwon kan ya lafa, ta miƙa mini ƙarfen, ta zaunar da ni inda hayaƙi ba zai same ni ba. Layina na farko ya karkace, kuma ba a gogewa. A jiran garwashi na ga yadda zan mai da karkatar ta zama ƙahon saniya. Na daɗe wata dabara ba ta zo mini da kanta haka ba.

Alhamdu lillahi, ina gani garau, na koma aiki. Allah ya saka wa likitata da Goggo da ku masu addu'a.

Don Allah, in ido ko kai ya dame ku, ku je asibiti, kada ku tambayi waya. Ni yanzu in na ja layi uku, sai in kife wayar in kalli nesa. Tunda ba ta hucewa, ni nake hucewa.