Bari In Cire Gyaɗa

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, yayana yana ajin ƙarshe a jami'a, ni kuma ina ajin farko. Lokacin kaka ne ya rasu, gyaɗa tana ƙasa. Kowane manomi a ƙauyenmu Yammedi ya san in ruwa ya ɗauke aka yi sanya, ƙasa za ta yi tauri ta riƙe rabin gyaɗar. Bayan sadakar bakwai Yaya ya ce da ni, "Kai koma makaranta. Bari in cire gyaɗa in biyo ka."

Aka cire gyaɗa, dawa ta isa yanka. Aka yanke dawa, katangar Inna ta faɗi. Duk hutun da na zo sai in tarar da jakarsa a rataye a bayan ƙofa, a shirye, in yi ta mita, shi kuma ya ce wata mai zuwa. Babi ɗaya ya rage masa a aikin bincikensa lokacin da jami'a ta cire sunansa. Ni na gama.

Sai ga wani kamfanin haƙa rijiyoyi ya zo Karaye yana neman mai kula da aiki a ƙauyukan Rogo. Yaya ya ƙwallafa rai a kai, har sabuwar riga ya ɗinka. Rakiya kawai na yi masa, amma manajan, wani dattijo mai furfura, ya tambaye mu karatunmu duka biyu.

"Malam, ba abin da aka koyar a digirin nake nema ba," in ji shi ga Yaya. "Haƙa rijiya zan koya wa kowa. Takardar tana gaya mini mutum ya ɗauko dogon aiki ya kai shi ƙarshe. Na gaji da ramukan da aka bari ba a cim ma ruwa ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe baki zan faɗi wanda ya noma abin da na ci har na gama, sai Yaya ya take mini ƙafa. Manajan ya juyo ya ce ko ni zan yi aikin, in fara ranar Litinin.

A hanyar gida na kasa tafiya daidai da shi, in wuce gaba, in dawo, ina rantsuwa ba zan karɓa ba. Da muka zo gefen gonarmu sai ya tsaya. Ya tuɓe sabuwar rigar, ya ninke, ya miƙo mini.

"Litinin ka sa wannan," ya ce. "Ni gyaɗa ta isa cira."