Kan Inna Ragnhild

A ƙauyenmu na bakin tafki, can tsakiyar Suwidin, babu matar da ta yi aure a coci ba tare da kanta ya bi ta hannun Inna Ragnhild ba. Ita ke riƙe da kambin azurfar ikilisiya, wanda ake ara wa kowace amarya ranar aurenta. Kambin ba ya zama a ka haka kawai. Sai an yi wa amarya kitso mai zagaye a tsakar kai, sannan a ɗinke shi a jikin kitson da zare. Ni ma ranar aurena na zauna a 'yar kujerarta ta kitso, kuma har yau ina jin zafin jan gashin.

Ita kuwa ba ta taɓa aure ba. Ni da Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, na sha yi mata bugun ciki, amma ko alama ban samu ba. Kullum kanta a ɗaure da ɗankwali ruwan toka. Idan biki ya kankama, tana kicin da kofinta da gurasar kirfa, tana jiran a dawo mata da kayan coci.

Wata Lahadi Fasto Eskil, sabon fastonmu mai ƙuruciya, ya yi wa'azi cewa ikilisiya amarya ce da ake shiryawa domin Almasihu. Ana tashi Inna ta tare shi a bakin ƙofa, ni kuma na tsaya gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Fasto, wa'azi ya yi daɗi," in ji ta. "Amma mai shirya amaryar fa? Tana shiga bikin, ko ita ma kicin za a bar ta?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, ai ke ma cikin amaryar kike. Dukanmu ne."

"Har da kai da gemunka? To, madalla. Ni dai ban taɓa ganin amaryar da ta shirya kanta ba, kuma ni babu wanda ya taɓa shirya ni."

Ta faɗe shi kamar wasa, amma na ga idonta. Tsoro take ji da gaske, kada ranar bikin Almasihu ta zo a bar ta a waje da allura a hannu. Abin ya tsaya mini a rai.

Da damina ta yi tsakiya aka yi auren Majken, jikar mai injin katako. Bayan an ci kifin gishiri da sabon dankali, aka zo rawar sauke kambi. An yanke zaren, an ɗaure wa amarya ido, 'yan mata sun kewaye ta suna juyi. Wadda ta ɗora wa kambin, ita ce amarya ta gaba. Inna ta leƙo daga kicin don ta tabbatar ba a kayar mata da shi ba. Majken ta yi tuntuɓe, ta fita daga da'irar hannu a miƙe, sai ga kambi a kan ɗankwali ruwan toka.

Wuri ya kaure da shewa. Tsoho Halvar mai goge ya daka tsawa: "Ragnhild, ashe rabona kike jira! Bari in nemo haƙorana!"

"Nemo hankalinka tukuna," ta ce da shi.

Kafin ta rufe baki kambin ya zame, don babu kitson da zai riƙe shi. Ta cafe shi a iska, ta tsaya tana kallonsa. Ina kusa da ita, na ji ta ce a hankali, "Kan bai shirya ba."

Washegari da hantsi na ji ana buga mini ƙofa. Ita ce, da mataji da zare da 'yar kujerarta a hammata.

"Ke Birgit, tunda ba abin da ke wuce idonki, zo ki koyi aikin nan kafin ya bi ni kabari."

"A kan wa zan koya, Inna?"

"Kin ga wani kan a nan?"

Ta zauna ta kwance ɗankwalin. Gashi fari fat ya zubo har gadon baya, ban taɓa zaton haka yake ba. Na fara sharcewa ina jiran faɗa, don matar nan ba a yi mata daidai. Na raba gashin, na soma kitso, har na kai rabi faɗan bai zo ba. Da na leƙa fuskarta sai na ga idonta a rufe, hawaye na bin kumatunta.

"Na ja da ƙarfi ne, Inna?"

"A'a, 'yar nan," ta ce. "Ci gaba, kada ki yi sauri. Ashe haka hannun mutum yake a ka."